Shekarar da Babanku Ya Cire Kujerun Jirginsa

Tun bayan rasuwar babanku nake jin wata magana tana yawo a tsakaninku, har na lura ta fara shiga bakin jikokina. Wai taurin kan Alhaji ne ya sa nake jan ƙafar hagu. Wai ya ɗauki mace mai karyayyen baya ya jefa ta a gulbi cikin damina, don kawai ya nuna wa mutanen Gusau cewa jirginsa yana da amfani. Ban ga laifin kowa ba. Yawancinku ba kwa gida a lokacin, kuna makarantu da wuraren aikinku, abin da kuka ji a waya shi kuka riƙe. Amma ni ce na kwanta a cikin jirgin nan, don haka ku ji daga bakina.

Jirgin ya shigo gidan nan ne a shekarar da babanku ya ajiye aikin gwamnati. Wani kamfanin gina hanya ya gama aikinsa yana gwanjon kayansa, mutane suna rububin janareta da firij, shi kuwa sai ga shi da jirgin ruwa a bayan mota, a kan wata 'yar tirela mai ƙafa biyu. Fari ne da ratsin shuɗi, jikinsa na roba mai tauri, ga inji a can baya inda matuƙi yake zama ya riƙe hannun injin. Tsawonsa ya kusa na zaurenmu. A ciki kuwa kujeru ne layi-layi masu laushi, irin waɗanda ko a falona babu. Kafin a yi sallar magariba duk unguwa ta ji labari, kafin mako ya zagayo kuma sunansa ya koma Alhaji Mai Jirgi, har a masallaci. Ni ma ban raga masa ba. Na ce mutum yana zaune a tudu, ruwan famfo ma sai an yi sa'a, ya je ya sayo jirgi. Ya yi murmushi kawai ya ce wata rana zan shiga. Na ce sai dai in gawata za a sa.

Kujerun nan su ne ransa. Ya kira mai ɗinkin kujerun mota har gida, aka sake lulluɓe su da farar leda, kullum da safe sai ya ɗauki tsumma ya goge su kafin ya karya kumallo. Ba a shiga da takalmi, ba a cin gyaɗa a ciki. Duk ranar Asabar zai ja shi zuwa madatsar ruwa, shi da amininsa Baba Ebi, maƙwabcinmu da suka yi aiki ofis ɗaya. Baba Ebi Kirista ne daga can kudu, bakin teku, ya ce a garinsu yaro yana koyon tuƙa kwale-kwale kafin ya iya tafiya sosai. Ya shekara da yawa a Gusau har Hausarsa ta koma ta Zamfarawa, amma bai daina kewar ruwa ba. Shi ya koya wa babanku tuƙi. Su yini suna zagaye a ruwa, su dawo fuska ta yi baƙi da rana suna dariya kamar samari. Sun ɗauke ku, sun ɗauki 'ya'yan maƙwabta, sun ɗauki liman. Ni kaɗai ce ban taɓa ko ɗora hannu a kansa ba.

A shekarar da nake ba ku labari, da bazara, muka je biki Bilbis. A hanyar dawowa, kafin mu iso Tsafe, taya ta fashe motar ta wuntsila da mu. Sauran matan sun fita da ƙujewa, ni kuwa ƙashin bayana ya karye. Aka yi mini aiki aka sa ƙarfe, aka dawo da ni gida a kwance. Likita ya ce ƙashin zai haɗe idan na yi haƙuri, amma ban da zama, ban da duk abin da zai jijjiga ni, domin idan ƙarfen ya motsa ƙafafuna duka na iya shanyewa. Ku riƙe wannan: tun a gadon asibiti ba na jin yatsun ƙafata ta hagu, likitan ya soka allura a gaban yayanku Abba ban ji komai ba. Aka sa mini katako a ƙarƙashin katifa, na zama sai a juya ni sai a tayar. Ni da na yi shekaru ina tsaye a gaban allo ina koyarwa, har babanku ba ya kirana da komai sai Malama.

Damina ta yi tsakiya, ruwa ba dare ba rana, sai ga ƙanena Shehu a kan babur, taɓo har ƙugunsa. Ya tsuguna a bakin gadona ya ce Inna ta daina cin abinci. Mahaifiyata tana ƙauyenmu da ke gaba da Furfuri, a bakin gulbi, ta tsufa ƙwarai, idonta ya dushe kunnenta ya toshe, ko ka kanga mata waya ba ta jin komai. Shehu ya ce sun yi sun yi su kawo ta birni, ta ce ba za ta bar ɗakinta ta mutu a bayan babur ba.

"Sunanki kawai take kira, Yaya," in ji Shehu. "Mun ce mata kin yi haɗari. Ta ce in da rai gare ki da kin taho, ɓoye mata muke yi."

Wannan maganar ce ta karya mini zuciya. Uwata tana can tana zaton na mutu. Daga kwalta zuwa ƙauyenmu kuwa, a damina, ba hanya ba ce, kwazazzabai ne da taɓo, mota ba ta shiga, babur ma sai an sauka an tura shi. Aka kawo shawarar a ɗauke ni a kan gado a kafaɗa, Shehu ya girgiza kai ya ce ko mai lafiya yana zamewa a wurin, in mutum ɗaya ya faɗi shi ke nan. Na juya fuskata bango na yi ta kuka. Babanku yana tsaye a bakin ƙofa yana jin mu.

Washegari da hantsi ya shigo ya jawo kujera kusa da kaina.

"Malama, gulbi ya cika," ya ce. "Duwatsun ciki duk sun nutse. Kuma kin san ta bayan gidanku yake wucewa."

"Alhaji, ni da ko zama ba na iyawa?"

"Ba zama za ki yi ba. Kwanciya za ki yi."

"A ina? Ai duk kujeru ne a ciki."

"Yanzu dai kujeru ne," ya ce. Ya tashi ya fita.

Ta tagar ɗakina na ji duk abin da ya biyo baya. Ya kira Baba Ebi suka shiga da sifana. Ashe kusoshin sun yi tsatsa sun kama, ƙafafun kujerun kuma an like su da ƙasan jirgin tun daga inda aka ƙera shi. Suka zuba baƙin mai suka jira, suka sake gwadawa, ko motsi. Na ji muryar Baba Ebi yana cewa:

"Alhaji, wannan sai zarto. Amma ka sani, in munka yanke, ba su komawa. Jirginka ya tashi daga jirgin shan iska ke nan."

Sai na ji babanku ya ce a miƙo masa zarton. Bai bar Baba Ebi ya yi ba, bai kira mai walda ba, da hannunsa ya yanka, mutumin da iyakar aikinsa riƙe biro. Tun hantsi har la'asar ina jin kukan zarto, in ya tsaya sai in ji an jefo kujera ƙasa, tim. Ina ƙirga faɗuwarsu a zuciyata ina tuna yadda yake goge su da safe. Da ya shigo gaishe ni hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma, jini ya ɓullo, zarton ya zame ya yanke shi a tafin hannu. Na tambaye shi, ya ce ba komai. Suka toshe ramukan kusoshin da gam, suka shimfiɗa faffaɗan katako a tsakiyar jirgin, suka ɗora katifa.

Ni na zaci shi ke nan, gobe sai tafiya. Sai ya ce a'a, bai san wannan jirgin ba tukuna, wanda ya sani mai kujeru ne. Kuma gaskiyarsa. Da suka kai shi madatsar ruwa suka gwada, ashe nauyin kujerun ne yake danne gabansa. Da babu su, ana tayar da inji sai goshin jirgin ya ɗaga sama, ya dawo ya mari ruwa, ya sake ɗagawa. Babanku ya ce daga wurin tuƙi ba za ka san abin da mai kwanciya yake ji ba, don haka ya ba Baba Ebi hannun injin, ya cire hula da babbar riga, ya miƙe a kan katifar. Ku yi tunanin babanku, da girmansa da furfurarsa, a kwance ɗai-ɗai a tsakiyar jirgi ana yawo da shi. Masu wankin mota da masunta da ke bakin ruwan suka yi ta dariya, wani ya ce Alhaji Mai Jirgi ya fara gwajin makara. Labarin ya riga shi isowa unguwa. Ya dawo yana dafe da ƙugu.

"Yau kam bai yi ba," ya ce mini. "Haƙorana har haɗuwa suke. Da ke ce da an yi ɓarna."

Suka koma washegari da buhunan yashi suka jera a goshin jirgin. Suka matsar da jarkar mai gaba. Suka gano cewa in an yi gudu sosai yana tsalle, in an rage da yawa kuma yana lilo gefe da gefe, akwai wani gudu na tsaka-tsaki da yake zama daram, Baba Ebi ya ce da kunne ake gane shi, daga kukan injin. Suka cusa soson tsofaffin kujerun a gefen katifar don kada mai kwanciya ya gangara. Da suka gamsu da ruwan madatsa, wanda yake a tsaye, sai suka sauke jirgin a ƙasanta, cikin gulbin kansa, suka bi shi har ƙauyenmu suka dawo, babanku yana kwance tun daga tafiya har dawowa.

A ranar ne Abba ya iso daga inda yake aiki, Shehu ya gaya masa a waya. Ya ga kujerun a jibge a tsakar gida, ya shigo ɗakina ransa a ɓace. Yana nan babanku ya dawo, rigarsa a jiƙe. Ya zauna, ya dube ni, bai dubi Abba ba.

"Zan gaya miki yadda yake, ba ƙari ba ragi," ya ce. "Inda gulbin ya miƙe, wallahi ya fi gadon nan naki laushi, har barci ya so ɗaukata. A kwana yana ɗan karkata, amma soso yana riƙe mutum. Wuri ɗaya ne ban so ba. Kafin Furfuri akwai inda wani rafi yake shigowa da ƙarfi, ruwan yana murɗawa. Duk yadda Ebi ya yi, sai ya buga. Na ji shi a bayana. Ba zan ce miki ba zai buga ba."

"Baba, idan ta shanye fa?" in ji Abba. "Wa zai ɗauki alhakin? Inna ta ci zamaninta. Mama kuwa da saura."

"Ban ce ta je ba," babanku ya ce. "Na gyara abin da zan iya gyarawa, na gaya mata abin da ya gagare ni. Bayanta ne, uwarta ce. Ita za ta faɗa."

Duk suka zuba mini ido. Abba ba don rashin tausayi ya faɗi abin da ya faɗa ba, shi ya kwana da ni a asibiti, shi ya ga ranar da aka fito da ni daga ɗakin aiki. Na san tsoron da ke cikinsa, ni ma yana cikina. Amma na ce musu zan je. Na ce in na zauna ƙafafuna suka tsira, Inna ta tafi tana zaton na mutu an ɓoye mata, ban san inda zan taka da ƙafafun ba. Abba ya fita ya kira likita. Likitan ya ce shi ba zai ce a je ba, amma in an nace, a ɗaure ni da katakon gadona tun daga ƙirji har gwiwa, kada bayan ya lanƙwasa. Abba da kansa ya yayyaga zannuwa ya ɗaure ni da safe, yana yi hawaye yana zuba. Da aka zo fita ya ce ba zai iya zuwa bakin ruwan ba. Daga ranar ya daɗe ba ya sakin fuska da babanku, gaisuwa kawai, kuma babanku bai taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba. Wannan ya ci babanku fiye da kujerun.

Aka sa ni a bayan motar ɗaukar kaya, ana tafiya kamar ana bin jana'iza, har bakin gulbi. Maza suka ɗaga katakon suka sauke ni a tsakiyar jirgin. Baba Ebi ya kama inji, babanku ya durƙusa a gefen kaina ya dafa katakon da hannu biyu. Ban ga gulbin ba, ban ga gaɓa ba, sama kawai nake gani da gajimare da tsuntsaye, jefi-jefi reshen bishiya ya wuce. Amma ina jin ruwan a bayana, yana gudu a ƙarƙashin katakon kamar ana shafa ni. Tun da na yi haɗari ban taɓa jin jikina ya saki kamar lokacin ba. Iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana taɓa fuskata, ni da na yi watanni ina kallon silin. Ban san lokacin da na fara murmushi ba. Babanku ya gani, ya kawar da kai.

Can sai kukan injin ya sauya. Baba Ebi ya ce, "Hajiya, ga wurin nan. Ki riƙe numfashi." Babanku ya kwanto da ƙirjinsa ya danne katakon da duk nauyinsa. Jirgin ya karkata, ya ɗaga, ya faɗo. Wani zafi ya tsarga mini tun daga ƙugu har tsakar kai, na ga wuta a idona. Na ji ina salati. Da ruwan ya lafa babanku ya ce a hankali:

"Malama, motsa ƙafarki."

Na motsa ta dama, ta motsa. Ta hagu tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba ta ragu ba. Ya ce ko mu tsaya a gaɓa in huta. Na ce a ci gaba.

Mutanen ƙauyenmu sun ji kukan inji sun cika bakin gulbi. Aka ɗauke ni a kan katakon, aka bi da ni ta cikin gonar gero har ɗakin Inna, aka shimfiɗe ni a ƙasa kusa da tabarmarta. Ta rame har ta koma kamar yarinya. Na kama hannunta na ɗora a fuskata. Ta shafa goshina, ta shafa hancina, ta tsaya a kan tabon da ke gefen girata, wanda na samu ina ƙarama da na faɗo daga kan rumbu.

"Kulu ce," ta ce. "Ashe ba ƙarya sunka yi ba." Ta shafa zannuwan da aka ɗaure ni da su. "Ke ma kwance kinka taho?"

Na kai bakina kunnenta na ce kwance na zo, Inna.

"Wa ya kawo ki, hanyag ga ta ɓaci?"

Na ce Alhaji ne, ta gulbi, a jirginsa.

"Wanga da kinka ce abin wasan yara ne?"

Matan da ke ɗakin suka yi dariya, ni ma na yi duk da bayana. Sai ta ce a kira mata shi. Ku sani, tun da aka ɗaura aurenmu babanku bai taɓa shiga ɗakin Inna ba, daga bakin ƙofa yake tsugunawa ya gaishe ta, ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba, kunya ce ta surukai. Ya zo ya tsuguna a inda ya saba. Ta ce ya shigo. Ya cire takalmi ya shigo da rarrafe, kansa a ƙasa. Ta laluba ta kama hannunsa, ta ji tsumman, ta tambaya. Shehu ya ɗaga murya ya gaya mata yadda aka yanke kujerun. Ta riƙe hannun ta daɗe ba ta saki ba.

"Na ba ka ɗiya tana tafiya da ƙafarta," ta ce. "Yau ka maido mini ita lokacin da ba ta iya tafiya. Allah shi yi maka albarka, Sama'ila. Allah shi ba ka masu ɗaukarka ranar da ka kasa."

Ranar ce kaɗai na taɓa jin sunansa a bakinta, kuma ranar ce kaɗai na taɓa ganin babanku yana kuka a gaban mata.

A daren ta sha kunu. Muka yi kwanaki a kwance kafaɗa da kafaɗa, hannunta a cikin nawa, tana ba ni labarin mutanen da suka daɗe da mutuwa. Babanku ya zo ya ce ruwa ya fara janyewa, duwatsu sun fara leƙowa, in ba mu koma yanzu ba sai kaka, in hanya ta bushe. Na ce ya tafi, ni ina nan. Bai yi musu ba. Inna ta cika wata safiya bayan an idar da salla, kanta yana jingine da kafaɗata. Na zauna a ƙauye har aka yi girbi aka cike kwazazzabai, sannan aka dawo da ni a mota a hankali. Ƙashin ya haɗe, na tashi, na taka, ƙafar hagu ce kawai ba ta dawo daidai ba. Ko da na zauna a gida da ta warke? Likita ya ce bai sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba wanda ya sa ni, kuma da za a sake tambayata, amsar ba za ta sauya ba.

Ranar da aka dawo da ni gida, bayan masu sannu da zuwa sun watse, babanku ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu. Na ga akwai magana a bakinsa. Da ƙyar ya ce:

"Malama, ban tambaye ki ba. Yaya kika ji tafiyarsa?"

Na ce, "Ka faɗi gaskiya, Alhaji. Inda ka ce zai yi laushi ya yi laushi, inda ka ce zai buga ya buga. In damina ta dawo na samu ƙafa, ka kai ni in ga gaɓar, don wancan karon sama kawai na gani."

Ya ce ai yanzu babu kujera. Na ce a shimfiɗa mini tabarma.